Batirin Takarda, Batirin Itace da Batirin Litiyam: Wanne Ya Dace da Aikinka?

Kalmomi biyu ake yawan jerawa a tallan sabbin batura, har mai karatu ya ɗauka magana ɗaya ce: "an yi shi da tsiro" da "yana ruɓewa". Kama da wane kuwa ba ta wane. Akwai batirin da aka samo kayansa daga itace, amma in ka binne shi babu ƙwayar halittar da za ta iya cinye shi. Akwai kuma wanda ƙasa za ta lamushe cikin wata guda, amma wutar da ke cikinsa ba ta kai ko kusa da cika wayar hannu ba. Mai sayen batirin gida, da injiniya mai ƙera ƙaramar na'ura, da mai neman inda zai zuba jari, duk sai sun raba waɗannan maganganu biyu kafin su yanke shawara.

Ni ma'aunina tambaya ɗaya ce, kuma a kanta na ɗora duk kwatancen nan: in batirin ya mutu, zai dawo hannun wanda zai sake sarrafa shi, ko kuwa zai ɓace a shara, ko a gona, ko a ruwa? Batirin da zai dawo, daɗewa ake nema a wurinsa. Wanda ba zai dawo ba, shi ne ruɓewa ke yi wa amfani.

Inda tsiro ke shiga cikin batir

Kowane batir yana da ɓangaren nagetif, da na fozitif, da ruwan batir wanda ƙwayoyin caji ke iyo a cikinsa, da shamakin da ke hana ɓangarorin biyu haɗuwa, sai fallayen ƙarfe masu kwasar wutar da kwanson da ya rufe komai. Tsiro yana iya shiga kowane ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa kalmar "batirin tsiro" ba ta gaya maka komai sai ka ji wane sashe ake nufi.

Gwajin nan na 'yan makaranta ya isa misali. A soka ƙusar tutiya da guntun tagulla a jikin kowane dankali, a haɗa 'yan ƙwayoyin dankalin a jere da waya, sai ƙaramin ƙwan lantarki ya kawo haske. Yaro zai ce dankali ne ya ba da wuta. Gaskiyar ita ce tutiyar ce ke narkewa tana sakin wutar, dankalin ruwan batir kawai ya zama. Yawancin baturan takarda na yau haka suke: takardar gida ce, mai gidan kuwa ƙarfe ne.

Kuma tsiro ba baƙo ba ne a batirin da muka saba da shi. Shamakin batura da dama daga zaren itace ake yin sa. Ƙaron da ke riƙe garin girafayit, wato baƙin nan na cikin fensir, a ɓangaren nagetif na batirin litiyam, a masana'antu da yawa, daga selulos ake samo shi, wato zaren da ke jikin kowane tsiro. Babu wanda ya taɓa kiran batirin waya mai ruɓewa saboda wannan.

Na farko: masu ruɓewa da gaske

Waɗannan su ne suka fi burge ni, kuma su ne suka fi ƙarancin ƙarfi. A 2022 masu bincike a cibiyar Empa ta Suwizalan, ƙarƙashin Gustav Nyström, suka fito da batirin takarda wanda ruwa ke tayarwa. Takarda ce aka jiƙa da gishiri aka busar, aka buga tawadar garin tutiya a fuska ɗaya, ta girafayit a ɗaya fuskar. Muddin a bushe yake, a kwance yake. Ɗigo biyu na ruwa sun tashe shi cikin daƙiƙa 20, ya ba da bolt 1.2. Da aka haɗa biyu, sun kunna agogon ƙararrawa mai allon lambobi. Bayan awa ɗaya takardar ta bushe, ƙarfin ya faɗi. Da aka ƙara ɗigo biyu ya ci gaba da bolt 0.5 na fiye da wata awar. Hikimar da ke nan ita ce, mai ƙera shi yana iya auna tutiyar daidai da aikin da za a yi, ba tare da an zubar da ragowa ba.

Kafin wannan, a ƙarshen 2021, Jami'ar Fasaha ta Nanyang da ke Singafo ta nuna nata samfurin: takardar selulos da aka ƙarfafa da wani abu mai kamar ƙaro mai riƙe ruwa, da tutiya da manganis. Guntu mai faɗin santimita 4 da tsawon 4 ya juya ƙaramar fanka na minti 45. Da aka binne shi a lambu, ya fara wargajewa bayan mako biyu, ya ƙare cikin wata guda. A Singafo ɗin dai, kamfanin Flint ya kai batirin takarda mai karɓar caji baje kolin kayan lantarki na CES na 2025, yana cewa nasa yana ruɓewa cikin mako shida. Wannan faɗin kamfanin ne, kuma a matsayin faɗin kamfani ya kamata a riƙe shi har masu gwaji na waje su tabbatar.

Akwai wani reshe wanda babu ƙarfe mai narkewa a cikinsa ko kaɗan. Maimakon tutiya, sukari ne makamashinsa, wasu sinadaran halitta da ake kira enzayim su ke warware sukarin su saki wuta. Sony ya nuna irin wannan tun 2007: kowace ƙwaya tana ba da miliwat 50, huɗu a haɗe suka kunna Walkman, ƙaramar na'urar jin kiɗa. Yau kamfanin BeFC da ke Grenoble a Faransa yana yin siraran samfura na takarda a kan wannan tsari. Matsalar enzayim ita ce ba ya jure zafi, kuma yana rauni da daɗewa, don haka ajiya ita ce babban ƙalubalensu.

Wanda ya kai maƙura shi ne na Cibiyar Fasaha ta Italiya a 2023, batirin da za a iya haɗiyewa. Bitamin B2 ne a nagetif, wani sinadarin tsiro mai suna kwasetin a fozitif, ciyawar teku ce shamaki, kakin zuma ne kwanso. Yana ba da bolt 0.65, da mikro'amfiya 48 na minti 12. In ka yi lissafi, ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, yana ɗauke da wutar da ta ninka wannan wajen sau dubu 100. Ba gazawa ba ce, don an yi shi ne saboda na'urar da za ta shiga cikin mutum ta yi ɗan aiki ta narke. Amma lissafin yana nuna nisan da ke tsakanin ɗakin gwaji da aljihunka.

Me ya sa duk suke da rauni haka? Dalilin farko ruwa ne. Abin da zai ruɓe lafiya, da ruwa ake haɗa ruwan batirinsa, ruwa kuwa yana fara rabewa zuwa iskar gas biyu a wajen bolt 1.23. Ana iya ɗan wuce wannan da dabaru, amma ba a kai bolt 3.6 ko 3.7 na litiyam. Dalili na biyu ya fi zurfi: abin da ke sa batir ya daɗe shi ne ya hana ruwa, da iska, da ƙwayoyin halitta shiga. Abin da ke sa shi ya ruɓe shi ne ya bar su su shiga. Mai ƙira yana jan igiya ɗaya ne ta kai biyu, kuma duk tazarar da ya samu a nan sai ya rasa ta a can.

Na biyu: daga itace, amma ba ya ruɓewa

A nan kuɗi da manyan masana'antu suka fi karkata. Itace yana da wani sinadari mai suna lignin, wanda shi ne ke manne zarurrukansa ya ba shi tauri, kuma ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa. Masana'antun takarda ba sa son sa. Suna cire shi, galibinsa kuma ƙona shi suke yi don samun zafi. In aka gasa lignin a zafin da ya haura digiri 1,000 ba tare da iska ba, sai ya zama wani gawayi mai tauri wanda ke iya maye gurbin girafayit a ɓangaren nagetif.

Kamfanin sarrafa itace na Stora Enso ya buɗe masana'antar gwaji ta wannan gawayi, mai suna Lignode, a Kotka ta ƙasar Finlan a 2021, ya kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanin batura na Northvolt na Suwidin a 2022. A Jafan, Kuraray yana yin irinsa daga ɓawon kwakwa. Amfanin a bayyane yake. Girafayit ko dai haƙo shi ake yi, ko a ƙera shi daga ragowar ɗanyen mai a zafin da ya kusa digiri 3,000, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wanda ake sa wa batura a ƙasar Sin ake tace shi. Gawayin itace yana buƙatar zafin da bai kai haka ba, kuma ana iya samun kayansa duk inda ake sarrafa itace.

Inda ya fi haskawa shi ne batirin sodiyam. Ƙwayoyin sodiyam ba sa zama da kyau a cikin girafayit, sai a gawayi mai tauri, don haka kusan duk batirin sodiyam yana buƙatarsa. CATL, kamfanin batura na ƙasar Sin, ya sanar da na farkonsa a 2021 mai ɗaukar awa-wat 160 a kowane kilo (awa-wat shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), wanda ya kusa da abin da batirin litiyam nau'in LFP, mai ƙarfe da fosfet, ke yi. Babu litiyam, babu kobal, kuma yana jure sanyi fiye da na litiyam.

Sai dai kar a ruɗe. Gawayi ba ya ruɓewa. Baƙar ƙasar nan ta yankin Amazon tana ɗauke da gawayin da mutane suka zuba ɗaruruwan shekaru da suka wuce, har yanzu yana nan. Bayan gawayin kuma, batirin sodiyam yana da fallen alminiyam, da kwanson ƙarfe, da ruwan batir mai kama wuta, da gishiri mai sinadarin fulorin. Wanda ya jefa shi a rami don ya ji an ce na itace ne, ya yi ɓarna daidai da wanda ya jefa na litiyam. Wurin masu sake sarrafawa ne makomarsa.

Ga mai tunanin jari, tarihin wannan fanni yana da darasi. Stora Enso ya rufe masana'antarsa ta Sunila, inda yake ciro lignin ɗin, a 2023. Northvolt ya durƙushe a Maris na 2025. Ba ilimin ne ya gaza ba, amma samun kaya mai kyau a ɗakin gwaji daban, tsayar da masana'antar da za ta yi gogayya da litiyam mai araha daban.

Na uku: inda tsiron ne da kansa ke riƙe cajin

Wannan rukuni shi ne ya fi cancantar sunan batirin tsiro. Tsirrai suna da wasu sinadarai da ake kira kwinon, waɗanda ke karɓar ƙwayoyin lantarki su kuma sake su, aikin da suke yi ke nan a numfashi da sarrafa hasken rana. Sinadarin da ke ba wa ganyen lalle launinsa kwinon ne, kuma an gwada shi a batir. A 2012 Grzegorz Milczarek da Olle Inganäs suka nuna cewa lignin da kansa yana iya ajiye caji in aka gauraya shi da wata roba mai wuce da lantarki.

Daga wannan layi ne Jami'ar Linköping ta Suwidin ta fito da batirin tutiya da lignin a 2024. Masu binciken sun ce an yi masa caji fiye da sau 8,000 yana riƙe da wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma yawan wutar da yake ɗauka ya yi kusa da na batirin dalma, irin na tada mota. Ruwan batirinsa na ruwa ne, ba ya kama wuta. Rauninsa shi ne yoyo: cajin yana zama kamar mako ɗaya ne. Ga fitilar da rana ke cikawa kullum, mako ɗaya ya isa. Ga batirin da za a ajiye don ranar buƙata, bai isa ba. Kuma samfuran da aka nuna ƙanana ne.

Akwai kuma manyan batura masu tanki, waɗanda ruwa biyu ke zagayawa cikinsu ta famfo, ana ajiye wutar gari da su. Na gargajiyar wannan nau'i da banadiyam ake yi, ƙarfe mai tsada. A 2014 Michael Aziz da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka nuna cewa kwinon zai iya yin aikin. Jaridu suka ɗauka suna cewa batirin tsiro ne, domin sinadarin ya yi kama da wanda ke cikin tsiron rubab. Amma hanyar da ta fi araha a samo irin waɗannan sinadarai da yawa ita ce daga kwal ko ɗanyen mai. A Jami'ar Fasaha ta Graz a Ostiriya, Stefan Spirk ya bi ta kan banilin, sinadarin ƙanshin banila, wanda ake iya samowa daga lignin. Babbar matsalar duka ita ce sinadaran tsiro suna lalacewa a hankali cikin tanki, banadiyam kuwa ba ya lalacewa. Halin da ya sa suke iya ruɓewa shi ne yake rage musu kwana.

Abokan gogayyarsu

Kwatance ba ya cika sai an auna da abin da ke hannu. Batirin litiyam, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, yana ɗaukar awa-wat 150 zuwa 270 a kilo gwargwadon nau'insa. Babu batirin da ke ruɓewa da ya zo kusa. Laifinsa sananne ne: haƙar litiyam, da kobal wanda wajen kashi 70 cikin 100 nasa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, da haɗarin gobara. Nau'in LFP ya kauce wa kobal da nikel, yana jure dubban caji, kuma ba ya saurin kamawa da wuta.

Batirin dalma, wanda Gaston Planté ya ƙirƙira a 1859, yana ɗaukar awa-wat 30 zuwa 50 kacal a kilo. Labarinsa ya fi kowanne nuna muhimmancin tambayar da na fara da ita. A Amurka ana maido da wajen kashi 99 cikin 100 nasa a narkar a sake yin sabo, domin dalma tana da daraja kuma akwai tsarin karɓa. Inda ake fasa shi da hannu a cikin unguwa kuwa, guba ce mai kisa. A Thiaroye-sur-Mer da ke wajen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda dalmar da ta gurɓata ƙasar unguwarsu daga fasa tsoffin batura. Batir ɗaya ne, makoma biyu. Abin da ya bambanta su shi ne hannun da gawar batirin ta faɗa.

A duniya baki ɗaya, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an samar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 cikin 100 kawai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Tarayyar Turai ta zaɓi ta gyara ta hanyar tattarawa: dokarta ta batura ta 2023 ta sa burin karɓo kashi 63 cikin 100 na ƙananan batura zuwa ƙarshen 2027, da 73 zuwa ƙarshen 2030. Ko an cimma wannan, fiye da rubu'i zai ci gaba da ɓacewa. Wannan giɓin shi ne filin batir mai ruɓewa.

To, wanne za ka ɗauka?

In waya ce, ko kwamfuta, ko mota, ko kayan aikin hannu, babu zaɓin mai ruɓewa a yau, kuma ban ga dalilin jiran sa ba. Batirin da zai yi shekaru yana aiki a aljihu ko a ƙarƙashin mota, a cikin zafi da danshi, dole ya ƙi ruɓewa. Abin da za ka iya yi shi ne ka zaɓi na'urar da ake iya canza batirinta, ka kuma kai tsohon inda ake karɓa.

In ajiyar wutar sola ce ta gida ko ta wurin sana'a, LFP ne zaɓin da ya riga ya tabbata. Sodiyam mai gawayin tsiro shi ne na biyu da ya cancanci a duba, musamman inda sanyi ke da tsanani ko inda nauyi ba damuwa ba ne. Ka nemi garanti a rubuce, ka tabbatar inbata ɗinka tana karɓar tazarar bolt ɗinsa, domin na sodiyam yana sauka da hawa fiye da na LFP. Tutiya da lignin abin sa wa ido ne, amma ban ba kowa shawarar ya jinkirta aikinsa saboda shi ba.

In tocila ce, ko rimot, ko abin wasan yara, ga amsar da ba ta da daɗin talla: batir mai caji na nikel, wanda ake rubuta wa NiMH. Ba na tsiro ba ne, ba ya ruɓewa, amma guda ɗaya yana karɓar caji sau ɗaruruwa. Batirin takarda ɗari da za a yi, a yi jigilarsu, a zubar, kowanne da tutiyarsa, ba su fi wannan guda ɗaya sauƙi ga ƙasa ba. Sauya abin zubarwa da wani abin zubarwa, an gudu ne ba a tsira ba.

Inda na tsaya da ƙarfi a bayan mai ruɓewa shi ne ƙananan na'urorin da ake amfani da su sau ɗaya. Dubi abin gwajin ciki mai allon lambobi: aikinsa na 'yan mintoci ne, amma a cikinsa akwai batir mai kamar kwabo wanda kusan duk wutarsa tana nan lokacin da aka jefa shi a shara. Haka tambarin da ake manna wa kwalin magani ko allurar rigakafi don lura da sanyinsa a hanya, da filastar da ke auna zafin jikin majiyyaci na kwana biyu, da na'urorin auna danshin ƙasa da ake watsawa a gona ba wanda zai bi ya tsince su. Kayan asibiti da suka taɓa jini ma ƙona su ake yi, ba a buɗe su don ciro batir. A duk waɗannan, ƙarancin ƙarfin batirin takarda ba aibi ba ne, domin aikin da kansa ƙarami ne. Akwai kuma maganar rai: yaron da ya haɗiye batirin litiyam mai kamar kwabo, yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa biyu. Duk na'urar da aka raba da irin wannan batir, an rage haɗari ɗaya a gida.

Ga mai ƙira akwai zaɓi na tsakiya da ake mantawa da shi. Na'urar da ke tashi ta aika saƙo ta koma barci, sau da yawa ba batir take buƙata ba, ƙaramin ma'ajin caji mai saurin cika da zubarwa ya ishe ta, in aka haɗa shi da ɗan fallen sola. Gawayin da ke cikin yawancin irin waɗannan ma'ajiyai daga ɓawon kwakwa yake, kuma Empa ta buga wani a 2021 da selulos da gilisarin da gawayi da gishiri, wanda ya wargaje cikin wata biyu a ƙasa, ya bar ɗan baƙin gawayi kawai.

Tambayoyin da za ka yi wa mai sayarwa

Da farko, wane sashe ne ke ruɓewa, kuma kashi nawa ne na nauyin batirin? A 2022 Jami'ar Maryland ta fito da batirin tutiya mai ruwan batir daga ɓawon ƙaguwa, wanda ba tsiro ba ne amma darasinsa ɗaya: sashen da ke ruɓewa ya ƙare cikin wata biyar, tutiyar kuwa tana nan, kuma masu binciken sun faɗi haka a fili. Irin wannan bayani ake so. Tutiya da manganis ba sa ɓacewa, tsatsa suke yi su gauraya da ƙasa. Kaɗan daga cikinsu tsiro yana buƙata, amma in suka taru a wuri ɗaya suna cutar da ƙasa, tutiya kuma guba ce ga halittun ruwa.

Na biyu, a ina yake ruɓewa? Wannan tambayar ce ta fi kama masu wasa da kalma. Ƙa'idar Turai ta EN 13432, wadda aka yi domin kayan ƙunshi, tana neman kashi 90 cikin 100 na abu ya ruɓe cikin wata shida, amma a yanayin masana'antar taki, inda zafi ke kai wajen digiri 58 da danshi da iska daidai gwargwado. Robar PLA da ake yi daga masara tana cin wannan jarrabawa, amma a ƙasar lambu ko a teku tana iya shekaru. A juji mai zurfi kuwa, inda aka danne shara babu iska, ko takarda ba ta ruɓewa da wuri. William Rathje na Jami'ar Arizona ya tono jaridun da suka yi shekaru gommai a binne, ana iya karanta su. Abin da ya ruɓe a irin wannan wuri kuma iskar misen yake fitarwa, wadda ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya.

Sai ka tambayi tsawon zamansa a ajiye kafin a fara amfani da shi, da zafin da yake jurewa a sito da a mota. Batir mai kamar kwabo yana iya shekara goma a kwali. Na takarda mai jiran ruwa yana daɗewa in ya zauna a bushe, amma danshin iska na iya tashinsa tun kafin lokaci, kuma in ledar da aka naɗe shi don hana hakan ba ta ruɓewa, tsugune ba ta ƙare ba.

Ka tambayi asalin tsiron ma. Lignin da ɓawon kwakwa ragowar wata sana'a ce, ba a noma su domin batir. Sukari da sitaci kuwa daga gonar da za ta ciyar da mutane suke fitowa. A ƙaramin tambari wannan ba komai ba ne, amma yana zama magana in adadin ya kai biliyoyi.

Na ƙarshe ya shafi mai ƙira kai tsaye. In batirin yana ruɓewa amma allon lantarkin da yake ciyarwa na roba ne da tagulla da dalmar walda, na'urar gaba ɗaya tana nan a matsayin sharar lantarki, kuma rubuta mata "mai ruɓewa" zai sa mutane su jefar da ita inda bai kamata ba. Ko dai a buga da'irar ita ma a kan takarda da tawadar gawayi, a rage guntun silikon zuwa mafi ƙanƙanta, ko kuma a ƙera na'urar yadda mai amfani zai iya yage batirin takardar ya raba shi da allon kafin ya zubar, a kuma rubuta masa a jiki wane yanki ne na taki, wane ne na masu karɓar kayan lantarki.